Tambaya da amsa: Yaya ake yanka barewar Kirsimeti ta katako da injin banso ba tare da ƙahon ya karye ba?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni kafinta ne a Jos. Wata kwastoma ce ta nuna min hoto a waya, irin barewar nan ta katako da Turawa ke jerawa lokacin Kirsimeti, mai ƙaho kamar reshen bishiya, wai tana son ƙanana guda 30 na ɗorawa a tebur. Ina da ƙaramin injin banso a shago, irin mai siririn zarto kamar bel da ke zagaya taya biyu. Sau uku ina gwadawa, ta farko ta fito a baje kamar biskit, sauran biyun kuma ƙahon ya ɓalle tun ban gama ba. Don Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da aiki. Wannan ta biskit ɗin wallahi kusan kowa da ita yake farawa, don haka kar ka damu. Abin da ya faru shi ne ka yanka gefe ɗaya ne kawai, alhali barewar da ka gani a hoton yanka biyu ake mata a jikin guntun katako guda, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe. In ka gane wannan to ka gane rabin aikin.

Kafin mu shiga inji bari in ɗan gaya maka wace dabba ce kake yankawa, don yana taimakawa wajen zane. Ba barewarmu ba ce ta daji mai siririn ƙaho guda biyu, ba kuma gada ba ce. Dabbar ƙasashen ƙanƙara ce da Turawa ke kira reindeer, mutanen Sami na arewacin Norway da Sweden da Finland da wani yanki na Rasha kiwonta suke yi kamar yadda Fulani ke kiwon shanu, kuma ƙahonta rassa yake yi, yana faɗuwa duk shekara wani ya sake tsirowa, mace da namiji duk suna da shi. Haɗa ta da Kirsimeti kuma daga Amurka abin ya yi ƙarfi, wata waƙa da aka buga a 1823 ce ta ce guda takwas ne ke jan keken Santa, wato Fada Kirsimas mai raba wa yara kyauta, sai a 1939 wani mai suna Robert L. May ya ƙirƙiro wata barewar mai suna Rudolph mai jan hanci don wani babban kanti a Chicago. To in kwastomarka ta ce a sa wa ɗaya jan hanci ka san inda maganar ta samo asali. A zane dai ka yi mata jiki mai ɗan kauri, wuya a miƙe, gajeren bindi, ƙaho mai reshe uku ko huɗu ya isa, kar ka ce sai ka yi goma.

Yanzu katako. Can Amurka da guntun tubaifo suke yi, wanda asalin awonsa inci 1 da rabi ne a kauri, inci 3 da rabi a faɗi, su yanke tsawon kamar inci 8. Namu na kasuwar katako ka san halinsa, wani gefen ya fi wani, ga shi bai goge ba, to dole ka fara kai shi a goge maka duk fuskoki huɗun, ka ɗora sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, ka tabbatar kowace kusurwa ta zauna daidai. Wannan ba wai tsirfa ba ce, in katakon ya karkace ko kaɗan ne, da ka juya shi don yanka na biyu sai ka ga ƙafar dama ta fito da kauri ta hagu kamar tsinke, barewa ta ƙi tsayuwa.

Sannan ga maganar da nake zargin ita ce ta karya maka ƙaho. Katako yana da jijiya, wato layin da yake bi daga saiwa zuwa sama, irin yadda in za ka faskara itace yake tsagewa ta tsaye cikin sauƙi amma ba ya yarda ta kwance. Dole barewar ta tsaya a tsaye bisa wannan layin, kofato a ƙasa ƙaho a sama, ta yadda jijiyar za ta bi tsawon ƙafa ta bi tsawon ƙaho. In ka kwantar da zanen don ka yi tattalin katako, jijiyar ta ratsa ƙahon ta kwance, to ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya ɓalle. Haka kuma rassan ƙahon ka zana su suna kallon sama, kar su miƙe gaba ko baya sosai, kuma kar kaurin kowane reshe ya gaza milimita 6, ni in katakon mai laushi ne har 8 nake bari, daga baya sanfefa ta rage. Ka duba kuma kar gaɓar katako ta faɗo a wurin ƙaho ko ƙafa, in ta faɗo a ciki ko cinya babu laifi, har kyau take ƙarawa.

Wane katako? Turawa fain suke amfani da shi saboda arha da laushi. A nan malaina busasshiya tana yi sosai, obeche ma yana yankuwa kamar sabulu sai dai bai da ƙarfi a wurin siriri, maɗaci ya fi su kyau in an shafa mai amma yana cin ruwan zarto kuma in ruwan ya dakushe sai ka ga baƙin ƙuna a jikin yankan. In za ka yi da katakon falet na kayan da ake shigowa da su, wanda yawanci fain ne, ka cire ƙusoshi tas don ƙusa ɗaya ta isa ta kashe maka haƙoran zarto, kuma ka duba hatimin jikinsa, mai HT da zafi aka gasa shi ba matsala, mai MB kuwa maganin ƙwari aka turara masa, ka bar shi. Kowanne ka zaɓa ya zama busasshe. Kai da ke Jos ba sai na gaya maka abin da hunturu ke yi wa ɗanyen katako ba, ka kai kaya a farkon Disamba kafin ranar 25 an kira ka wai sun tsage.

To zane biyu za ka yi a takarda, tsawonsu ɗaya daidai. Na gefe, wanda ke nuna kai da wuya da baya da ƙafar gaba da ta baya, shi za ka manna a faffaɗar fuskar. Na gaba, wato yadda za ka gan ta in tana kallonka, shi kuma a siririyar fuskar, kuma shi ba wani abu ba ne, ƙafafu biyu a ɗan buɗe, ƙugu, siririn wuya, kai, sai ƙaho ya buɗe kamar harafin V. Mafi sauƙi ka zana su gefe da gefe a takarda ɗaya ka naɗe ta a tsakiya, lanƙwasar ta hau kusurwar katakon, ta haka kofato zai yi daidai da kofato, kai ya yi daidai da kai. Ka yi hoto kwafi 30 da ɗoriya, gam kaɗan ya isa.

Fara da yankan gaba, wato siririyar fuskar tana sama, zarto yana ratsa inci 3 da rabi ɗin nan. Amma ka fara duba injinka, tunda ka ce ƙarami ne, irin na kan benci mai taya inci 9 da ƙyar yake ɗaukar wannan tsayin, babba mai inci 14 shi yakan ɗauki har inci 6. In naka bai kai ba ka rage girman zanen gaba ɗaya, ba dole sai tubaifo ba. Dalilin farawa da nan shi ne layukan dogaye ne marasa kwana mai tsanani, kuma guntayen da za su fita manya ne guda biyu, ɗaya daga cikinsu ma shi ke ɗauke da zanenka na gefe. Kar ka yar da komai. Har ɗan guntun da ya fita daga tsakanin ƙafafu da na tsakanin ƙaho duk ka ajiye, ka mayar da kowanne mazauninsa, ka naɗe da salatif sosai har katakon ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Waɗannan guntayen su ne ke tallafe ƙahon lokacin yanka na biyu, in babu su ƙahon yana rataye a iska zarto na jan shi ƙasa, shi kenan sai ka ji ƙas. Ni har ɗan kwali nake cusawa a hanyar da zarto ya bi don cike gurbin, kuma wani lokaci ba na ƙarasa yankan waje har ƙarshe, sai in bar ɗan milimita 3 a ƙasa ya riƙe, daga baya in ɓalle da hannu.

Sai ka kwantar da shi, zanen gefe a sama, ka bi layi. A nan ka fara da ƙaho tun katakon yana da jiki kana da wurin riƙewa, ƙafafu su zo daga baya. Wurin da kwana ta matse, kamar tsakanin rassa ko ƙarƙashin haɓa, kar ka murɗa katako da ƙarfi ka ce sai zarto ya juya. Ka fara tsaga layuka a miƙe daga waje har su taɓo layin zanen, in ka zo wucewa guntayen na zubewa ɗaya bayan ɗaya zarto na samun wurin numfashi. In salatif ya yanke guntaye sun fara motsi, tsaya ka ƙara wani, ba asara ba ce. Lokacin da ka gama ka ɓare ɓawon nan ka ga barewa ta fito daga ciki da ƙafa huɗu, gaskiya ko ni har yau abin yana burge ni.

Ruwan zarton ma yana da magana. Mai faɗin rabin inci da yawancin masu shago ke barin sa a inji shekara da shekaru ba zai yi wannan aikin ba, shi kwanar da yake iya sha faffaɗa ce. Nemi mai kwata inci, haƙora 6 a kowane inci, shi ne tsaka-tsaki, yana shan kwana kuma yana fitar da dusa a katako mai kauri. Mai ɗaya bisa takwas na inci ya fi shi shiga lungu amma saurin tsinkewa gare shi in hannunka bai saba ba, kuma yakan yi ciki a yankan farko mai zurfi. Ka ɗaure shi ya yi tauri, in ka danna da yatsa inji a kashe kar ya matsa fiye da kwata inci, ka sa sukwaya tsakanin tebur da ruwan zarton ka ga sun yi daidai, sannan ka sauko da abin riƙon sama ya rage saura kamar milimita 5 tsakaninsa da katako. Kar ka tura da ƙarfi, bar haƙora su ci da kansu, kunnenka zai gaya maka in ka matsa wa inji.

Yatsu kuma don Allah. Aikin nan ƙarami ne hannu na kusa da zarto koyaushe, kar yatsa ya taɓa zama a kan layin da zarto ke nufa, ka riƙe ta gefe ko ta baya. Ban da safar hannu, ban da riga mai faɗin hannu. In kana son ja da baya daga doguwar kwana kashe inji tukuna, in ba haka ba sai ka zaro ruwan daga kan taya. Guntun da ya maƙale kusa da haƙora da ɗan sanda ake ture shi. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar yanka abu na farko ka kashe makunni, kar a dawo da ita hannunka na wurin. Ka sa gilashi da takunkumi, musamman in maɗaci ne ko iroko, ƙurarsu na damun hanci da ƙirji.

Gamawa ba wuya. Sanfefa mai lamba 80 ta share sawun zarto, 120 ta biyo, 220 ta ƙarasa, ka naɗe ta a jikin fensir don shiga tsakanin rassa, kana tallafe ƙahon da yatsa ta baya. In ta ƙi tsayuwa daidai ka shimfiɗa sanfefa a tebur ka goga kofatan huɗu tare. Ni na fi son a bar launin katakon a shafa mai ko banish siriri, sai ɗan jan ƙyalle a wuya, amma in fenti take so fari da ja da ruwan gwal su ne launukan lokacin. Wanda ƙahonsa ya karye kar ka yar, farin gam na katako irin Top Bond yana kama shi in ka ɗaure da salatif ya kwana.

Tunda 30 ne kar ka riƙa gama ɗaya kafin ka fara wata. Goge katako duka, manna zane duka, yi yankan gaba na duka, naɗe su, sannan yankan gefe, hannunka zai faɗa sosai. Ka yanko katako 35 don wasu za su lalace, kuma ka yi biyu na gwaji kana duba agogo kafin ka faɗa mata farashi, sanfefar nan ta fi yankan cin lokaci kuma ita mutane ke mantawa ba sa lissafawa. In kuma daga baya ta ce tana son manya na bakin ƙofa, wannan ba aikin yanka biyu ba ne, filawud ake yankawa gunduwa-gunduwa, jiki daban ƙafafu daban ƙaho daban, a tsaga musu baki daidai kaurin filawud ɗin a zura su cikin juna, bayan biki a kwance a jingine a sito.