Amsa: Inda za a ɗaura winci (na'urar jan mota da igiya) idan mota ta kafe a rairayi

Malam, ka ce me za a yi idan Land Cruiser ta kafe a rairayi, irin na hanyar Agadez zuwa Dirku, babu bishiya babu wata mota. Safayar tayarka ce anka, wato abin da za ka binne a ƙasa ka ɗaura igiyar winci a jikinsa.

Kafin komai, sace iskar tayoyi zuwa kamar psi 15 a ma'aunin iskar taya, ka kwashe yashin gabansu da shebur. Sai ka warware igiyar winci sosai, ka bar zagaye 5 aƙalla a kan gangar da ke naɗe igiyar in igiyar ta waya ce, domin winci ya fi ƙarfi idan igiyar da ta rage a kanta kaɗan ce. A inda igiyar ta ƙare ka haƙa rami mai zurfin kamar mita 1. Zura madauri mai ƙarfi ta tsakiyar wilin safayar, ka tokare shi da sandar ƙarfe ta baya, ka tsayar da tayar a cikin ramin fuskarta na kallon mota, ka ɗaura igiyar winci a maɗaurin.

Inda mutane ke kuskure shi ne rashin yanka siririn kwari daga ramin zuwa wajen motar. Babu shi, igiya za ta hau bakin rami ta riƙa jan tayar sama, kafin ka ankara ta tumɓuko. Bayan nan ka rufe ramin, a tattake yashin da kyau. Jiƙaƙƙen yashin ƙasa ya fi riƙo.

Bar injin a kunne saboda batir, ka riƙa ja kaɗan-kaɗan don kada winci ya yi zafi. Ɗora bargo mai nauyi a tsakiyar igiya, kowa ya matsa gefe nesa. Tayar ta fara motsi? Dakata, ƙara zurfi.