Warda, Roda da Rose: Shin Tsatsonsu Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas. Allah Ya ba mu 'ya mace, aka raɗa mata sunan mahaifiyata, Fatima. Tunda bakina ba zai iya kiran sunan ba, maiɗakina ta ce mu riƙa kiranta Warda, domin tana son furen wardi da launin ruwan hoda. Sai kawuna ya ce ai Warda Rose ce ta maƙwabtanmu aka yi wa lulluɓi, ba sunan Musulmi ba ne. Ina asalin wannan suna, kuma akwai wasu sunaye masu irin ma'anarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya Fatima, Ya sa ta gaji mai sunan, Ya ba mai jego lafiya. Kawu ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa, domin a matsayin sunan fure Warda da Rose dangin juna ne, amma ya karkata a ɗaya rabin, domin ba Warda ce ta ari kayan Rose ba. Larabawa suna da kalmar tun kafin zuwan Musulunci.

A Larabci, *ward* shi ne jinsin furen baki ɗaya, *warda* kuma ƙwaya ɗaya ce daga cikinsa, kamar yadda *tamr* yake dabino, *tamra* kuma ƙwayar dabino ɗaya. Daga nan aka samo *wardi*, wato abin da yake da launin wannan fure, kuma ita ce kalmar da Hausa ta ara tun zamanin fataucin Sahara, shi ya sa tsofaffinmu suka san turaren wardi tun ba su taɓa ganin itacen da ido ba. Akwai mawaƙin zamanin jahiliyya da ake kira Urwa ɗan Al-Ward, kuma Larabawa na kiran doki mai jaja-jajan gashi da *ward*, har zaki ma sukan yi masa wannan kirari. Kalmar ta zo a Alƙur'ani sau ɗaya, a aya ta 37 cikin Suratur Rahman, inda aka siffanta yadda sama za ta tsage ranar alƙiyama ta zama *wardatan kaddihan*, abin da masu tafsiri suka fassara da ja irin na wardi, tana narkewa kamar mai, wasu kuma suka ce kamar jar fata da aka jeme. Ban kawo ayar don in ce Warda sunan Alƙur'ani ne a ma'anar da ake cewa Maryam sunan Alƙur'ani ne ba, tunda a can siffar launi ce aka yi. Na kawo ta ne don kawu ya ga cewa kalmar ba baƙuwa ba ce a gidan Musulmi.

Idan aka bi sawun kalmar baya, masana harshe suna kai ta ƙasar Iran, inda tsofaffin harsunan wurin suke da wata kalma mai kama da *warda*. Larabci ya ɗauke ta kusan yadda take. Armeniyawa suka ce *vard*, Girkawa suka ce *rhodon*, kuma akasarin masana na ganin *rosa* ta Latin ta wannan hanya ta Girkanci ta biyo, daga ita kuma harsunan Turai suka samu nasu. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kalmar ta sauya a gidanta na asali, domin a bakin Farisawa ta lanƙwashe a hankali har ta koma *gul*. Wanda yake ganin wannan ya yi nisa, ya tuna cewa mu ne muka mayar da Khadija ta zama Dije, muka mayar da Abubakar ya zama Buba. Daga *gul* ne aka samu Gulshan, wato lambun wardi, da Gulnar, furen rumman, da sunan Abdullah Gul wanda ya shugabanci Turkiyya daga 2007 zuwa 2014, da *Gulistan*, littafin da Sa'adi na Shiraz ya rubuta a 1258. Nasrin ma daga Farisa take, sunan wardin daji ne. Juri kuwa, wanda ake yawan raɗa wa 'yan mata a ƙasashen Larabawa yanzu, sunan wardin nan ne mai ƙarfin ƙamshi da ake jinginawa ga Jur, tsohon sunan birnin Firuzabad. Irin wannan fure ake nomawa a Ɗa'ifa, kuma da ruwansa ake gauraya Zamzam a wanke cikin ɗakin Ka'aba.

Tunda a Legas kake, inda gida ɗaya kan haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da 'yan'uwanmu Kiristocin Arewa, za ka riƙa jin sunaye biyu da kunne ke ruɗawa, wato Roda da Rauda. Roda daga *rhodon* ɗin Girkawa take, saboda haka 'yar'uwar Warda ce ta jini. A Littafi Mai Tsarki na Kirista, cikin Ayyukan Manzanni sura ta 12, ita ce yarinyar gidan da ta ji muryar Bitrus, almajirin Annabi Isa, a bakin ƙofa, murna ta sa ta ruga ciki ba ta buɗe masa ba. Rauda kuwa Larabci ce tsantsa, ma'anarta dausayi ko lambu, kuma ita ce Raudar da alhazai ke cunkoson shiga a masallacin Madina, tsakanin ɗakin Manzon Allah (SAW) da mumbarinsa. Wasali ɗaya ne ya raba su a furuci, amma ba su haɗa kaka ba.

Wannan ruɗin kunne ya fi yawa a sunayen Turawa. Rosemary, wadda kowa ke ɗauka Rose ce aka haɗa da Mary, sunan wani ganyen girki ne da ya fito daga Latin *ros marinus*, raɓar teku. Rosalind da Rosamund daga tsohon harshen Jamusawa suke, kuma gaɓar farko a cikinsu doki take nufi. Ita kanta Rose, masu binciken sunaye sun nuna cewa a Ingila ta fara ne da wani suna na Jamusanci, Rohese, wanda Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka shigo da shi bayan 1066, mai ɗauke da ma'anar shahara, sai daga baya mutane suka jingina shi ga furen saboda kamar lafazi. Abin da ya ƙara yaɗa shi a tsakanin mabiya Katolika shi ne Rosa ta birnin Lima a ƙasar Peru, wadda ta rayu daga 1586 zuwa 1617, kuma ita ma laƙabi ne, sunanta na yanka Isabel. To, mu ma muna da namu irin wannan. Na sha jin ana cewa Furera daga fure take, alhali Huraira ce, wato 'yar kyanwa, kamar yadda yake a alkunyar sahabi Abu Huraira, sai musayar *h* da *f* da Hausa ta saba yi ta ba ta kamar fure. Haka nan wuridi da ake ja bayan salla ba shi da haɗi da wardi a ma'ana, daga kalmar zuwa mashaya yake.

Mu Hausawa kuwa, ba mu gaji raɗa wa yaro sunan fure ba. Sunayenmu na gargajiya ranar haihuwa suke dubawa, kamar Ladi da Talatu da Jummai, ko yanayin da aka zo a ciki, kamar Marka da Azumi, ko matsayi a cikin 'yan'uwa, kamar Kande da Gambo da Auta. Ko kalmar fure, a bakin kakanninmu mata furen taba take fara nufi, wanda ake gogawa a haƙora tare da goro don su yi ja. Ruwan hoda ma sabon shiga ne, daga hodar kwalliya aka samo shi, kuma ɗaura wannan launi a kan 'ya'ya mata al'adar Turawa ce da ba ta kafu ba sai a tsakiyar ƙarni na 20. Amma fa muna da suna na jan launi, domin Bahaushe yana kiran mai hasken fata ja, ya sa wa yaro Jatau. Larabawa ma haka suke yi, kuma daga nan Humaira ta fito: ƙanƙantawa ce ta *hamra'u*, wato 'yar ja, mai hasken fata da jan kumatu. Idan ana neman sunan da ya fi kusa da ma'anar ruwan hoda a cikin waɗanda muka saba da su, a ganina Humaira ce. Sai dai a al'adarmu laƙabin A'isha ne, kuma idan ka kira Fatima da shi, duk wanda ya ji zai ɗauka sunanta A'isha.

Fatima tana da nata, wato Zahra'u, kuma a nan ma akwai abin lura. *Zahra* mai gajeren ƙarshe fure ce, kamar yadda ta zo a aya ta 131 cikin Suratu Ɗaha, kuma daga ita Larabawan Sham suke kiran ruwan hoda *zahri*. *Zahra'u* mai dogon ƙarshe, laƙabin 'yar Manzon Allah (SAW), mai haske take nufi, kuma namijinta shi ne Azhar, sunan masallacin nan na Alƙahira. Tushensu ɗaya ne, saboda haka idan kuka kira yarinyar Zahra kun ba maiɗakinka furenta, kun kuma ba kawu sunan da ba zai yi gardama a kansa ba. Wannan shawara ce kawai ta neman zaman lafiya a gida. Ni ɗalibin harshe ne, ba mai fatawa ba, amma ƙa'idar da malamai suka sani ita ce a guji suna mai mummunar ma'ana ko mai bautar da mutum ga wanin Allah, kuma Warda ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kada a kare sunan da labarin nan da ke yawo cewa daga gumin Annabi aka halicci wardi, domin malaman hadisi sun daɗe da cewa bai inganta ba.

Idan kun tsaya a kan Warda kuma kuna son ta shiga takarda, ku zaɓi rubutu ɗaya tun yanzu. Harafin ƙarshe na sunan shi ne *ta* ɗin nan ta mata a Larabci, wadda Bahaushe ke mayarwa *tu* ya ce Aminatu, Bayarabe kuma ya tsaya a kan *t* ya ce Aminat. Magatakarda a Legas zai iya rubuta Wardat, malamin Islamiyya ya rubuta Wardatu, makarantar boko ta rubuta Wardah, kuma ranar da za a haɗa takardar haihuwa da lambar NIN da rajistar jarrabawa, wannan harafi ɗaya zai iya kai ka kotu neman takardar rantsuwa. Ka rubuta sunan da hannunka a 'yar takarda ka miƙa wa mai cike fom ɗin, ka kuma duba abin da ya buga kafin ka bar gaban teburinsa.