Injin gwaji: a fara da na kwamfuta ko da na hannu?

Malam Sani, ka ce kana Agege, kana son haɗa ƙaramin inji mai silinda ɗaya wanda zai tashi da gaske, kuma kuɗinka na na'ura ɗaya ne: ko ƙaramar CNC, wato na'urar yanka da kwamfuta ke sarrafawa, irin 3018 da ake odarta daga Chaina, ko ƙaramin lez na hannu, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi. Amsa a taƙaice: sayi lez. Ga dalili.

Abin da ke sa inji ya tashi ko ya ƙi tashi wuri uku ne: ramin silinda, fistin, da karanshaf. Dukkansu zagayayyu ne, aikin lez ne. Ita 3018 an yi ta ne don zane a kan katako da roba da allon lantarki. Filin aikinta milimita 300 da 180, motarta ƙarama ce, jikinta kuma yana lanƙwasa idan wuƙa ta ji tauri. Za ta iya lasar alminiyom, milimita 0.2 a kowane zuwa, amma ka sa mata ƙarfe sai kuka da karyar wuƙa. Ko da ta yanka maka rami, ba zai fito zagayayye yadda fistin ke so ba.

Kada ka fara da injin fetur. Fara da mai lilo, wanda silindarsa ke karkata hagu da dama a kan ƙusa ɗaya, tana buɗe ƙofar iska tana rufewa da kanta. Ba bawul, ba fulogi, ba ringi. Ga awo da zai yi aiki: faɗin rami milimita 12, tafiyar fistin 16. Ke nan ƙusar karanshaf za ta kauce wa tsakiya da milimita 8, rabin tafiyar. Daga ƙusar lilo zuwa tsakiyar karanshaf ka ba da 40. Da wannan awon silinda za ta karkata kusan digiri 11.5 kowane ɓangare. Idan ƙofar iskar da ke jikin silinda tana nisan milimita 14 daga ƙusar lilo, za ta riƙa kaucewa milimita 2.8 hagu da dama, to nan za ka huda ƙofar shiga da ta fita a jikin ginshiƙin da silinda ke lilo a kansa, kowacce faɗin 2.5. Ka faɗaɗa su fiye da 2.8, akwai lokacin da ƙofar silinda za ta taɓa duka biyun, iska ta shiga ta fice ba ta tura komai ba. Injin mai lilo da ke ta huci ba ya juyawa, fara duba nan.

Ramin silinda shi ne inda ake zama. A fara da ɗan dirin tsakiya, sai na 6, sai na 10, sai 11.5. Diri ba ya huda rami madaidaici, bin hanyar da ta fi masa sauƙi yake yi, don haka sai a shiga da wuƙar cikin rami a miƙe shi zuwa 11.8, sannan rima, wato wuƙar da ke sumulce rami zuwa ainihin awonsa, mai 12 ta share sauran. Rima ba ta son gudu: juyi 200 zuwa 250 a minti ya isa, kuma ba a juya ta baya ko wajen fitarwa, bakinta ke dakushewa. Rima mai alamar H7 a wannan girman tana ba da rami tsakanin 12.000 da 12.018. Shi ya sa ba a yanka fistin sai an gama rami. Rami ne uba, fistin ke bin sa. A fere fistin har ya rage masa kamar 0.05 ya shiga, a tsaya ya huce, a auna da maikiromita, wato ma'aunin kauri mai sukuru, ba baniya mai zamiya ba. Hucewar ba tsarabe-tsarabe ba ce: alminiyom mai kaurin 12 da ya ɗau zafin digiri 30 yana kumbura da kusan 0.008, alhali duk ratar da ake nema 0.01 zuwa 0.02 ce. Kuma ka tuna, a lez idan wuƙa ta matsa 0.1, kaurin ƙarfe 0.2 ya ragu. Sauran a cinye shi da takardar yashi mai lamba 600 da ɗigon mai.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ka wanke fistin da silinda, ka tsai da silinda, ka saka fistin ba mai: ya sauka a hankali da nauyinsa. Ka toshe ƙasan da babban yatsa, ya tsaya cak. Ka fizge shi, ka ji "fot". Wannan jin babu lambar kwamfuta da za ta ba ka shi, kuma ko mai CNC ta miliyoyi sai ya zo nan.

Kada fistin da silinda su zama alminiyom duka, za su ci juna su liƙe. Tagulla da ƙarfe suna zaman lafiya, kas da kas, wato ƙarfen zubi, ma haka. Kowanne kuma da halinsa a bakin wuƙa. Kas a bushe ake yanka shi, gudun mita 20 a minti, wato juyi 530 a kaurin 12, kuma garinsa yana cin gadon lez, a shimfiɗa takarda a share nan take. Alminiyom yana liƙe wa wuƙa, ɗigon kananzir ne maganinsa. Tagulla kuwa fizgar diri take yi lokacin da zai ɓulle, sai a ɗan goge kaifin bakin dirin da dutsen washi. Ramin da za a yanka wa haƙoran sukuru, wato tiredi: milimita 2.5 don sukuru M3, 3.3 don M4, 4.2 don M5. A juya taf, wato wuƙar yanka tiredi, rabi, a dawo kwata. Taf ɗin M3 da ya karye cikin silindar da aka kwana biyu ana yi, sai dai a ce Allah ya mai da alheri.

Fuskar da silinda ke gogar ginshiƙi dole ta kwanta sumul. Ɗora takardar yashi mai 400 a kan gilashi, ka goga kana zana lamba 8, ka koma 600. Ƙusar lilo kuma ta tsaya kyam a kan fuskar; ta ɗan karkace, fuska ta ɗaga gefe guda, iska ta tsere. Sifirin da ke matse su kada ya yi ƙarfi, na cikin biro ma yakan isa.

Kaya ba sai an yi oda ba. A kasuwar Owode Onirin akwai guntayen ƙarfe da tagulla. A kasuwar kayan mota ta Ladipo, sandar tsohon shokozoba miƙaƙƙiya ce sumul, sai dai fatarta na da tauri, wuƙar kabaid, wadda ta fi ta ƙarfe tauri, take so. Tsohon faifan birki kas ne. Sandunan cikin matacciyar firinta, masu kaurin 6 ko 8, sun dace da karanshaf ba tare da an taɓa su ba.

To ina CNC ta fi? Duk inda layi ya lanƙwashe ko abu ya maimaitu: ƙafafun filawil (ƙafa mai nauyi da ke riƙe juyin inji), kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) mai siffa, kam (ƙullin da ke buɗe bawul) ɗin injin fetur, kan silinda biyar iri ɗaya na injin da silindodinsa ke jere a da'ira. Da hannu wannan aikin teburi mai juyi ne da magagari da kwanaki, da CNC awa ɗaya ko biyu. Amma kafin awar nan akwai zane a manhajar FreeCAD ko Fusion 360, da fitar da hanyar wuƙa, da ɗaure ƙarfe, da saita sifili. A abu guda ɗaya tak, sau da yawa mai hannu ya gama ya wanke hannu kai kana kan zane. Kuma CNC ba ta da kunne. Wuƙa mai kaurin 3 mai baki biyu, a juyi 10,000, kowane baki na cin 0.02, gudunta milimita 400 ne a minti. Ka yi kuskure ka rubuta 4000, ko ka sa umarnin gudu G00 inda na yanka G01 ya kamata, za ta bi umarni ta nutsa. Mai hannu yana jin wuƙa ta fara kuka ya sassauta.

Sai wasan sukuru, wato ɗan juyin banza da sukuru ke yi kafin wuƙa ta motsa idan an sauya alkibla. A lez na hannu wasan 0.1 ko 0.2 ba ya hana komai, don kullum ta gefe ɗaya kake tunkarar awo. A CNC kuwa, duk inda sukuru ya sauya alkibla sai wasan ya bar tabo, da'ira ta fito da ɗan tudu a wuri huɗu. Masu mai da na hannu ya koma na kwamfuta, sukuru mai ƙwallaye suke fara saya saboda wannan.

Ga kuma wutar Legas. Lez idan Nepa ta ɗauke, ka ja wuƙa baya, ka jira, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Motocin CNC masu taku 200 a juyi ɗaya ba sa sanin inda suke, ƙirga kawai ake yi musu. Wuta ta yi ƙasa su tsallake taku, ko ta ɗauke ƙirgar ta ɓace, sauran aikin duk a karkace. Duk mai son ta a nan sai ya haɗa da inbata, ya kuma sa makunnan iyaka, domin allon GRBL da ke sarrafa motocin ya iya komawa gida da umarnin $H ya gano sifilinsa. Tsatsa kuwa ba ta bar kowa ba: da damina gadon lez da aka bari ba mai yakan wayi gari da ja, a shafe shi kullum a rufe.

Idan ka sayi lez, irin 7x12 ko 7x14, ware kuɗin maikiromita mai auna 0 zuwa 25, da agogon awo, da cok, wato abin kama ƙarfe a lez, mai haƙora huɗu. Da shi ake kama silinda mai kusurwa da kuma kaucewar karanshaf. Ka gwada injin da iska, ba da tururi ba. Kwamfiresar mai faci, a rage matsinta zuwa bar ɗaya ko biyu, ta isa. Da ɗigon mai da ɗan tura filawil da yatsa zai kama. Tukunyar tururi aiki ne daban: jan ƙarfe, liƙin azurfa, bawul ɗin tsaro, da gwajin ruwa a ninkin matsin da za ta yi aiki da shi. Gwangwanin madara da dalma ba sa cikin lissafi.