Tambaya da Amsa: Ma'anonin "tendere" a Latin da abin da ya raba shi da "tenere"

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu a karatun Latin, ga jarrabawa ta matso. Na haddace cewa tendere yana nufin miƙa abu, amma ina cin karo da shi a wuraren da ba a miƙa komai ba. Kwanan baya na fassara contenta voce da "murya mai nuna gamsuwa", aka soke mini. Wani kuma a intanet ya ce tendere da tenere fi'ili ɗaya ne. Hankalina ya tashi.

Amsa: Ɗan'uwa, haddarka daidai take, sai dai ba ta cika ba. Tushen ma'anar shi ne jan abu har ya yi tsauri, kamar yadda maharbi ke ɗame baka, arcum tendere. Daga nan aka sami miƙa hannu don roƙo: Julius Caesar, da yake ba da labarin yaƙin Gergovia na shekarar 52 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci matan garin da suke miƙo wa Romawa hannu daga kan ganuwa, manus tendebant. Idan abin da aka ɗana tarko ne, insidias tendere, ma'anar ta zama yin kwanton ɓauna.

Inda kake tuntuɓe shi ne inda fi'ilin ya zo ba tare da karɓau ba. A nan ko dai a doshi wani wuri ne, kamar tendimus in Latium a littafi na 1 na Aeneid, doguwar waƙar mawaƙin Roma Virgil, wato "mun nufi yankin Latium", ko kuma kafa tanti, domin igiya da fata ake ja kafin tanti ya tsaya. Shi ya sa hic saevus tendebat Achilles a littafi na 2 na Aeneid ke nufin nan ne Achilles, jarumin Girkawa, ya yi zango.

Amma batun mutumin nan na intanet shi ya fi damuna, domin babu zangon karatun da ba na samun ɗaliban da irin wannan magana ta lalata wa fassara. Gaskiya ne fi'ilan biyu sun fito daga tsohon tushe guda, amma a bakin Romawa sun rabu sarai. Tenere riƙewa ne, yana rukuni na biyu, shuɗaɗɗensa tenui. Tendere yana rukuni na uku, shuɗaɗɗensa tetendi. Idan aka liƙa musu ɗafa-goshi, tenere yakan koma -tinere, kamar continere da retinere, shi kuwa tendere ba ya sauyawa: contendere, ostendere, intendere. Masu yaɗa wannan ruɗani ba su taɓa zama sun fassara shafi guda ba, kamannin haruffa kawai suke gani su yanke hukunci, ɗalibi kuma shi ke biyan bashin a zauren jarrabawa. Suna ma haɗawa da tener, mai nufin taushi, saboda Faransanci ya mayar da shi da tendere duka tendre. Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci, irin na Nijar, su yi hattara kuma da attendre da entendre, domin a Latin attendere mai da hankali ne, ba jira ba kamar attendre, intendere kuma ba ji ba ne kamar entendre.

Abin da ya kama ka shi ne cewa continere da contendere duka suna haifar da contentus. Na farko yana nufin wanda ya wadatu, kuma yawanci yana tafiya da abin da aka wadatu da shi, kamar parvo contentus, mai wadatuwa da kaɗan. Na biyu yana nufin abin da aka ja ya yi tsauri. Cicero, marubucin Roma, a littafinsa Orator, ya gwama contenta voce da summissa, wato murya ƙasa-ƙasa, don haka fassarar ita ce "da ɗaga murya". Kafin jarrabawa, ka rubuta sassa huɗu na kowane fi'ili, wato siffofinsa na asali da ƙamus ke jerawa, gefe da gefe, kuma duk inda ka ga contentus ka duba sunan da yake siffantawa kafin ka zaɓi ma'ana.