Sunan amarya a jikin kofi: kirim za a saya ko inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bukin ƙanwata ya matso, ina so in sa sunanta a kofunan gilashi dozin guda na kayan ɗakinta. Wasu da kirim mai cin gilashi suke yi, wasu da ƙaramin injin kankare gilashi. Wanne zan saya? Daga wata uwargida a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ni dai kirim zan ce ki saya. Injin nan mai bakin lu'ulu'u sai hannu ya saba da shi, rawa kaɗan ta isa ta karkace harafi, ga ƙurar gilashi da ba a so ta shiga ido ko ƙirji. Kuma kofunan Duralex na Faransa, da aka gasa don su yi ƙarfi, in aka kankare su da zurfi suna iya tarwatsewa.

Kirim ɗin, irin su Armour Etch, yana ɗauke da gishirin fuloraid mai cin fuskar gilashi, ya bar ta fari-fari kamar hazon hunturu. Ba fenti ba ne, wanki ba ya fitar da shi. Sai dai ba lallai ya kama gilashin nan mai jure wuta da ake sakawa a tanda ba, don haka ki fara gwadawa a gindin kofi ɗaya kafin ki taɓa sauran.

Kyan aikin duk a sitika yake. Ki je wurin masu yanka sitikar allunan shago da baburan kabu-kabu, su yanka miki sunan da manyan haruffa, a cire haruffan a bar gurbinsu inda kirim zai ci gilashin, kada a cika ƙwalisa. Ki goge kofin da alkol na farmasi, ki manna sitikar ƙasa da inda leɓe ke taɓawa, kamar faɗin yatsa biyu. Sannan ki bi gefen kowane harafi da bayan cokali kina dannewa. Nan ake yin asara: iska kamar ƙwayar gero in ta saura a gefen harafi, kirim zai kutsa ya bar tabon da ba ya goguwa. Ki shafa kirim ɗin da kauri, ki jira mintunan da aka rubuta a jikin robarsa, ki ɗauraye a bokitin roba, sannan ki ɓare sitikar. Da sassafe za ki yi, a inuwa inda iska ke kaɗawa, don zafin garinmu yana busar da shi da wuri.

Don Allah, uwargida, ki sa safar hannu ta roba da tabarau, yara kuma su yi nisa. Ƙunar fuloraid ba lallai ta yi zafi nan take ba, takan ɗauki sa'o'i tana ci ta ciki. In ya taɓa fata, a yi ta kwarara ruwa na minti 15, a wuce likita da robar a hannu. Wanda ya kawo miki ruwan asid a kwalba babu suna, kada ki karɓa ko kyauta ne.

Tambaya: Kofunan shayin fadarmu suna yawan ɓata, wannan dabara za ta yi? Daga wani matashi a Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Za ta yi, ƙanena, amma kofin shayi ƙarami ne kuma wasu na da tsaga-tsaga, sitika ba ta kwanciya. Ka zaɓi masu santsi, ka sa harafi ɗaya ko tauraro.