Tambayi Malamin Turanci: "Can I" ko "May I"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a jami'a, rannan naje ofis ɗin wani malaminmu zan kai masa aikin da ya bamu, na ƙwanƙwasa ƙofa nace "Can I come in, sir?" sai ya ɗago kai yace "You can, but you may not", ga mutane zaune suka sa dariya, wallahi ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar tsoron buɗe baki nake da turanci. Wai kuskure nayi ne? Ɗalibarka daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh ki kwantar da hankalinki, bakiyi kuskuren nahawu ba. Turawan Ingila da Amurka kansu kullum "Can I come in?" suke cewa, a gida da kanti da wajen aiki, kuma manyan ƙamus ɗin turanci sun yarda ana neman izini da kalmar "can". Abun da malamin naki ya riƙe tsohuwar ƙa'idar aji ce da aka daɗe ana koyarwa, wai can na iyawa ne kawai, may kuma na izini. Nufinsa shine ƙafarki lafiya lau zaki iya takowa ciki amma shi bai baki dama ba. Gaskiya banji daɗin yadda ya gyara miki a gaban jama'a ba, gyara irin wannan shi ke sa yaranmu su kulle baki su daina gwadawa gaba ɗaya.

Kinga mu a Hausa ma haka muke yi ai. Idan kikace "na iya ɗinki" iyawa kike nufi, idan kuma kika tsaya bakin ƙofa kikace "zan iya shigowa?" babu wanda zai ɗauka lafiyar ƙafarki kike tambaya. Kalma ɗaya, aiki biyu. Haka can take.

Amma fa akwai inda malamin yake da gaskiya, kuma nan nakeso ki natsu. Kalmomin nan ba nauyinsu ɗaya ba wajen ladabi. Yadda zaki ce ma ƙawarki "ara min cajarki" ba haka zaki faɗa ma yayan babanki ba, shi sai kin russuna kince "Baba dan Allah ko zan iya ɗan ɗaukar cajar nan". To "Can I use your charger?" na ƙawa ne da 'yan gida da sa'anninki. "Could I use your charger?" ya fi taushi, shine daidai da wannan "ko zan iya" ɗin namu, kuma kar could ɗin ta ruɗe ki kice ai ta abun da ya wuce ce, a nan babu ruwanta da jiya, ladabi kawai take ƙarawa. Shi kuma "May I" shine na manya, ofis ɗin shugaban sashe, wajen intabiyu na neman aiki, gaban alƙali, ko wasiƙar hukuma. Da ni ne ke, duk ƙofar malami "May I come in, sir?" zan riƙa cewa, ba dan ɗayan haramun bane, sai dan makarantunmu sun saba da shi kuma babu mai kama ki da laifi akansa.

Ga wani ɗan abu da mutane ke mantawa. Idan aka ce miki "Could I sit here?" amsar ita ce "Yes, you can" ko "Of course", ba'a cewa "Yes, you could". Idan hanawa zakiyi kuma "Sorry, you can't" ya wadatar, "You may not" tana da kaushi sosai, irin ta mai gadin jarabawa ce.

Ki koma ofis ɗin nan da aikinki ƙanwata, ki ƙwanƙwasa da ƙarfinki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina shirin WAEC ne, na rubuta "I can be able to do it" a insha'i malamarmu ta ja min jan biro, alhali har a rediyo naji manya suna faɗa. Meye matsalar? Ɗalibi daga Azare.

AMSA: Yauwa ɗana, malamarka ta kyauta maka, gara jan bironta da na mai makin WAEC. Wannan "can be able" ɗin ta bazu a Najeriya sosai har kunne ya saba da ita, amma maimaici ne, can da be able to duk iyawa suke nufi, kamar kace "zan iya iya yi". Ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, "I can do it" ko "I am able to do it".

Zaka ce to meye amfanin be able to tunda ga can? Amfaninta shine can gajeriya ce, akwai wuraren da bata shiga. Ba'a cewa "I will can", sai "I will be able to pay next month". Ba'a cewa "I want to can drive", sai "I want to be able to drive". Sannan can bata ɗaukar s ko da mutum ɗaya ake magana akai, "She can cook" ne, kuma ba'a saka kalmar "to" a bayanta, "I can go" kawai. Cannot kuma a haɗe ake rubuta ta, wannan ma ina yawan ganinsa a takardun ɗalibai a rabe.

Inda masu jarabawa suka fi ɗana tarko shine abun da ya wuce. Idan baiwa ce ko ƙwarewa da mutum yake da ita a da, could ake sawa, "When I was ten, I could swim", wato lokacin na iya iyo, ko yaushe aka jefa ni ruwa zan fita. Amma idan abu ne guda da ya faru sau ɗaya kuma kayi nasara, misali jiya ka makara ka ruga tasha da ƙyar ka samu motar ƙarshe ta Bauchi, ba zaka ce "I could catch the last bus" ba, sai "I was able to catch the last bus" ko "I managed to catch it". Idan kuma motar ta tafi ta barka to babu wahala, "I couldn't catch it" daidai ne, ita couldn't tana shiga duka biyun.

Kafin sati mai zuwa ka rubuta jimla 5 akan abubuwan da ka iya kana yaro da could, da wasu 5 akan abun da ka samu yi jiya da was able to, ka kai ma malamar taka ta duba. Wanda ya turo tambaya akan must da have to daga Maraɗi yayi haƙuri, fili ya ƙare, da tambayarsa zamu fara a fitowa ta gaba in sha Allah.