Tambaya da Amsa: Tasha, Layi da Aiken Kaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan zuwa Magarya da Matamaye. In na shiga tasha sai in share awa biyu ana jiran mota ta cika, ga kuɗin ya fi na bakin hanya. To mene ne amfanin tashar? Daga wani mai karatu, unguwar Zango, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jiran nan lissafi ne ya kawo shi. Hayis mai ɗaukar mutum 18, man da za ta sha zuwa Magarya kusan ɗaya ne ko da mutum 10 ta tashi, haka harajin tasha da kuɗin hanya. Direban da ya tashi da rabin mota daga aljihunsa zai cika. Shi ya sa ake bin layi: mota ta shigo, ƴan sandika, wato ƙungiyar masu sufuri, su rubuta lambarta, ba za ta yi lodi ba sai ta gabanta ta tashi. Ba don haka ba da motoci biyar za su raba fasinja ashirin, kowacce ta wuni ba ta cika ba.

Ɗan abin da ya hau kan kuɗinka kuwa, cikinsa akwai na ɗan kamasho, da na sandika, da na ma'aikatar magajin gari. Abin da ka saya da shi shi ne rubutu: an san lambar motar, an san direban, an san lokacin da ta tashi. In ka mance jaka, ko mota ta lalace bayan Takeita, akwai wanda za a kama. Ta bakin hanya ba ta da wannan, kuma sau da yawa direban ya sauke ka a tsakiyar tafiya ya sayar da kai ga wata mota.

In saurin kake so, ka zo da sassafe, musamman ranar Alhamis da kasuwar Dole ke ci. Kafin ka biya ka leƙa takardar mai yankan tikiti, kada ka ƙirga kawunan da ke cikin mota, don wasunsu ƴan tasha ne aka zaunar. Doguwar tafiya kuma, kamar Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ta manyan bas ce. Su kamfanoni da tasharsu, da lokacinsu na asuba, tikiti kuma tun jiya ake saye.

Tambaya: Nakan aika wake da tattasai zuwa Agadas ba tare da na bi kayan ba. Wani lokaci su isa da ragi, wani lokaci a jiƙe. Yaya zan yi? Daga wata ƴar kasuwa, Mirya.

Amsa: Hajiya, yawancin ɓarnar tun a tasha ake yin ta, kafin mota ta motsa. Ki fara da awo. Buhun wake mai kilo 100 tiya 40 ne ko kusa da haka; a ɗora shi kan sikeli a gabanki, a rubuta nauyin a rasit tare da yawan buhuna, lambar mota, sunan mai karɓa da lambar wayarsa. Rasit ɗin da ya ce "buhu 6" kawai ba zai tsaya miki ba in an tsiyaye tiya biyu daga kowanne. A ɗinke bakin buhu ɗinki biyu da zare mai launi, yadda in an kwance za a gane. Suna kuma a jikin buhun za a rubuta da alƙalami mai kauri, gefe biyu. Takardar da aka liƙa igiya ce za ta fara cinye ta.

Sai ki tsaya ki ga lodi, ko ki bar yaro ya tsaya. Wake a ƙasa, tattasai a sama, don busasshen tattasai in aka danne shi gari yake komawa, kuɗinsa ya faɗi. Kada a haɗa abinci da jarkar mai ko buhun kanwa. A watan Yuli da Agusta ki duba tamfal da idonki, a rufe har gefe, don ruwan da ke shiga ta gefe ya fi na sama ɓarna. Hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut kusan kilomita 450 ce, kuma motar kaya takan kwana a hanya.

Ki tambaya ko motar kai tsaye za ta, ko za a juye kayan a wata. Wurin juyi ne buhu ya fi ɓata, ɗan dako ya ɗauki naki ya kai motar wani. Kada kuma ki miƙa wa karen mota kaya a bayan ƙofar tasha don ragin jika ɗaya. Abin da bai shiga littafi ba, sandika ba ta san da shi ba. Da mota ta tashi ki kira mai karɓa ki ba shi lambarta, ya ƙirga ya auna kafin ya sa hannu.

Tambaya: Me ya sa ba a lodin tirela a tashar fasinja? Daga wani ɗalibi, Birni.

Amsa: Tirela na bukatar fili, da rumbun ajiya, da kwanaki kafin kaya su taru, ga haɗarin juya ta cikin mutane. Nauyinta ma da doka: ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma, mai lamba 14 ta 2005 ta tsayar da tan 51 ga tirela mai layin taya shida. In kayan za su ƙetare zuwa Kano ta Ɗan Barto ko ta Magarya, sai an haɗa takardun duwan, wato kwastan, tun kafin a ɗaure tamfal, in ba haka ba a sauke su buhu-buhu a kan iyaka, mai kaya ya biya ƴan dako sau biyu.